Kitson Gwaggo da Hular Kwano

Amal, kafin ki kai ga karanta wannan babin da kanki, na san an riga an ba ki labarin sau goma a unguwar Karantina, kuma duk wadda ta ba ki sai ta ƙara nata gishirin. Za su ce miki uwarki ta je ƙasar sanyi, ta ga matan can da gashi a sake, ta raina kitson gida, ta tsefe addu'ar Gwaggo da hannunta, Allah ya nuna mata iyakarta. To ba haka aka yi ba, ko kuma in ce ba haka kaɗai aka yi ba. Wata huɗu ke nan da faruwar abin. Har yanzu in na hau matakalar nan mai tafiya da kanta a kasuwa sai na riƙe da hannu biyu, in kuma babanki ya jefa ƙanƙara a kofi sai in ji ƙarar har cikin haƙorana. Likita ya ce in na ga ina yawan mantuwa in koma wurinsa. Ban ga ina mantuwa ba, amma tun da ya faɗi haka nake tsoron kada in manta. Shi ya sa na sayi wannan littafin na fara rubuta tarihina ina da shekara ashirin da uku, aikin da mutane kan bari sai sun yi furfura.

Sai na fara gaya miki wace ce Gwaggo Azumi, don ke a yanzu abin da kika sani game da ita shi ne tana ɓoye miki dabino a bakin zani. Yayar mahaifina ce. Daga Damagaram ta zo aikin hajji tun tana budurwa, ba ta koma ba. Da mahaifiyata ta rasu ina shekara huɗu, ita ta ɗauke ni, da kitso ta ciyar da ni, da kitso ta kai ni har na gama sakandare. Babu amaryar da aka kai daga layinmu ba tare da kanta ya bi ta tsakanin gwiwoyin Gwaggo ba. Amma kafin a haife ki yatsunta suka fara kumbura suna lanƙwashewa, har riƙe kofin shayi ya zame mata aiki. Shekara biyu cur ba ta taɓa tsinken kitso ba. A gidanta kuwa akwai doka ɗaya da ko maza sun sani: mace ba ta yin tafiya sai da sabon kitso, ko da Madina za ta. Kowane layi Gwaggo ta kama sai ta yi masa addu'a ƙasa-ƙasa, ta tofa. Kuma ba a tsefe kitson tafiya sai an dawo gida, wadda ta kitsa ita ke tsefewa. Ban taɓa tambayar dalili ba. Ba a tambayar Gwaggo dalili.

Babanki Mansur yana aiki a wata ma'ajiyar sanyi a Madinar Masana'antu, unguwar kamfanoni ta garin nan, inda ake jibge daskararrun kaji kafin a raba wa shaguna. Mudirinsu, wato manajansu, Ustaz Nabil, mutumin Labanan ne, kuma jininsu ya haɗu da babanki. A hunturun nan ya ce masa ya zo da iyalinsa garinsu a kan dutse, su yi mako guda a gidan mahaifinsa, su ga dusar ƙanƙara ta Allah, ba ta inji ba. Kafili, ubangidan da ya tsaya mana a ƙasar, ya sa hannu, aka duba iƙama, takardarmu ta izinin zama, aka buga bizar fita da dawowa. Babanki ya shigo gidanmu na unguwar Safa yana kaɗa fasfo biyu a sama kamar ya ci gasa. Na tambaye shi me ake yi a can ɗin.

"Zamiya," ya ce. "A ɗaura miki katako biyu dogaye a ƙafa, a ba ki sanda biyu, ki gangaro daga kan dutse. Halas, shi ke nan."

"In gangaro in je ina?"

"Ƙasa mana."

"Wa zai tsayar da ni?"

"Ya Rukayya, ana tsayawa. Kin taɓa jin wanda ya tafi bai tsaya ba?"

Washegari da ya fita aiki na buɗe kwamfutarsa na nemi hotunan abin. Da ma ban nema ba. Na ga yadda ake tsayawar: wani da bishiya, wani da ɗan'uwansa, wani kuma ya yi ta juyi ƙafa sama kai ƙasa har ya fita daga hoton. Kin san ni, ko kuma za ki san ni: ni ce nake karanta takardar cikin kwalin magani har ƙarshe sannan in kasa sha. Amma na lura da abu ɗaya. Wasu suna da hular kwano a kai, wasu babu, kuma masu hular sun fi yawan tashi suna dariya. Da babanki ya dawo na ce masa ba inda za ni sai da hular kwano. Ya yi dariya har da riƙe bango. Ya ce shi da yake yini a cikin firiza, shi zan gaya wa ƙanƙara? Ya ce ƙanƙarar can laushi gare ta kamar auduga, faɗuwa a kanta hutu ne. Da ya ga na daina magana na fara goge kicin ɗin da na riga na goge, ya san ba wasa nake ba. Kwana biyu sai ga shi da farar hular ma'aikata daga ma'ajiyarsu, irin wadda ake sawa don kada kwali ya faɗo wa mutum a ka, har da sunan wani Abdul-Ƙadir a rubuce a gabanta. Na sa, na sunkuya, ta faɗi a ƙasa ta gangara ƙarƙashin kujera. Ya ce to mu je haraj, kasuwar gwanjo, ai ba abin da babu a can. Na ce kaina ba gwanjo ba ne.

A ƙarshe wani shagon kayan wasanni muka samu a cikin babbar kasuwa ta wajen titin Tahliya, yana da lungu guda na masu tafiya ƙasashen sanyi. Mai shagon dattijo ne ɗan Sham, kuma da jin maganarsa ya san abin, ba a takarda ya karanta ba. Matsalar ita ce ba zai taɓa kaina ba, ba zai ma kalle shi sosai ba. Duk bayanin da ya yi, rabi ga babanki ya yi shi, rabi ga silin. Ya ba da tef irin na tela, ya ce a zagaya shi a inda kai ya fi faɗi, sama da gira kaɗan, sama da kunne. Ya ce hula ta zauna daidai, kada ta karkata baya kamar ta ɗan gayu, tsakaninta da gira faɗin yatsa biyu. Ya ce kafin a ɗaure madauri a girgiza kai hagu da dama, sama da ƙasa: in hula ta yi rawa ita kaɗai ta yi girma, in ta matse har goshi ya yi zafi ta yi ƙanƙanta, wadda ake so ita ce in an motsa ta fatar goshi ta motsa tare da ita. Madauri kuma yatsa ɗaya ya shiga ƙarƙashin haɓa, ba biyu ba. Ya juya wata ya nuna mana tambarin gwaji a ciki, ya ce wadda ba ta da shi kwalliya ce. Da babanki ya kawo zancen haraj, dattijon ya sauke idonsa daga silin ya dube shi.

"Ya ustaz, farin abin nan na ciki sau ɗaya yake aiki. In ya sha bugu ya mutu, ko da bayansa na ƙyalli. Ta gwanjo, ka san kan wa ta riga ta ceta?"

"Ta keke fa? Muna da ta keke a wurin maƙwabci."

"In keke za ta hau, ta sa ta keke."

Ba ɗakin gwaji na mata a shagon, kamar yadda babu a ko'ina, sai na kwashi huluna uku na nufi bayin mata na kasuwar. Na cire tarha, gyalen kaina, na tsaya gaban madubi cikin baƙar abaya da jar hular kwano, ina kaɗa kai hagu da dama, sama da ƙasa, kamar mai aljanu. Wata tsohuwa ta fito daga alwala ta gan ni, ta ja jikarta gefe tana neman tsari. Ta tsakiyar ce ta zauna daram. Na motsa ta, goshina ya bi ta. Na ji wani irin kwanciyar hankali da ban ji ba tun ranar da fasfo ya shigo gidan. Abu ɗaya ne dattijon bai tambaya ba, don ba zai iya ba: bai tambaye ni yaya gashina yake a ƙarƙashin tarha ba. A ranar kuwa a tsefe yake, na wanke shi, na ɗaure shi ƙasa a ƙeya.

Ana gobe tafiya na kai ki Karantina da hantsi, don a wurin Gwaggo za ki zauna. Na ɗauka zan ajiye ki in sha shayi in wuce. Ina shiga na ga tabarma a shimfiɗe, kujerarta 'yar tsugunne a kai, ga man kaɗe a murfin kwano, ga tsinken nan na ƙarfe da na sani tun ina yarinya. Wallahi hula ba ta zo mini a rai ba, tana can Safa a cikin akwati. Hannunta na duba.

"Gwaggo, yatsunki."

"Nawa ne ko naki?"

"Zan iya zuwa wurin Iya Falmata ta yi mini guda biyu kawai."

Iya Falmata maƙwabciyar Gwaggo ce, 'yar Chadi, tana zaune a bakin ƙofa tana gyaran kuɓewa. Gwaggo ta dube ta, ta dube ni.

"Falmata ta kitsa ki ki hau jirgi? Ki je gidan mutane da kai kamar gonar da akuya ta bi? Zauna."

"Ina jin ki fa, Azumi," in ji Iya Falmata.

"Don ki ji na faɗa."

Shuku ta yi mini, irin wanda ake tattaro kowane layi daga goshi da kunne da ƙeya, a haɗa su a tsakiyar kai, a naɗe su su yi tudu. Gashina da yawa, kin gado shi, za ki sha wuya. Na ce mata ba wanda zai gani, yana ƙarƙashin tarha. Ta ce matar mudir za ta gani, kuma ya kamata Larabawan dutse su san daga gidan mutane na fito. Daga hantsi har bayan la'asar muna kai, sai sallah ke tashinmu. Ina jin yatsunta suna rawa a fatar kaina. Wani lokaci ta tsaya ta sa hannun a ruwan ɗumi, ta dawo. Kowane layi ta yi ƙus-ƙus ɗinta ta tofa. A tsakiyar aikin ne na yi suɓul da baka na ba su labarin jar hulata. Iya Falmata ta ce soja na zama ko ɗan acaɓa? Ta ce abin da Allah ya rubuta wa kai, kwano ba zai kankare shi ba. Gwaggo ta ja layin da ke hannunta har na ga taurari. Da ta gama, matan layi suka shigo kallo. Wata ta ce rabonta da ganin irinsa tun bikin 'yar limamin unguwa. Gwaggo ta ɓoye hannunta a cikin zani don kada a ga yadda ya kumbura, tana murmushi. Ba wanda ya tuna ya ɗauki hoto.

Ba zan ɓata miki takarda da jirgi da mota ba. Mun isa, gidan mutanen kirki, matar mudir ta ga kitson ta kira ƙannenta su zo su gani, na ji daɗi don Gwaggo. Abin da zan gaya miki shi ne babanki, masanin ƙanƙara, mai yini a firiza, tun a mota ya fara karkarwa. A firiza minti ashirin suke yi su fito su sha rana. Nan ba inda za a fito. Ya sa riga uku da safa biyu, hancinsa na zuba, yana cewa wannan sanyin ba na ƙa'ida ba ne.

Rana ta biyu aka kai mu wurin zamiyar. Aka haɗa mu da mai koyarwa, wata doguwar mace mai suna Rima, fuskarta duk rana ta ƙona ta sai zagayen ido. Aka ɗaura mana takalma masu nauyi kamar bulo. Na sa siririn hijabi mai kama kai, na ciro jar hulata da alfahari, na ɗora. Ta tsaya a kan tudun shuku. Tsakaninta da girata ba yatsa biyu ba, tafin hannu guda har da ɗoriya. Na danna, ta ƙi. Babanki ya danna da hannu biyu, na yi ƙara. Na juya kai, hular ta juya nata wajen daban kamar murfi a kan tulun da ba nasa ba. Rima ta zagaya ni sau ɗaya, ta ce in ba ta izini, ta taɓa saman kaina ta kan hijabi.

"Mene ne wannan a ciki?"

"Gashina."

"Duka?"

"Duka."

Ta kawo mafi girma daga wurin haya. Ita ta shige, amma a kan tudun kaɗai ta zauna, gefe da gefe iska ce, in na kaɗa kai sai ta rufe mini ido. Rima ta ce wannan ta fi babu muni, don in na faɗi duk bugun a wuri ɗaya zai taru, a kan ƙullin nan, ko kuma ta zame ta bar ƙeyata a waje. Ta ce abu uku ne: in kwance gashin, ko in shiga ba hula tunda ni babba ce ba mai tilasta ni, ko in zauna a wurin shan shayi in yi kallo. Babanki ya ja ni gefe.

"Ki bar hular nan. Dubi Ustaz Nabil, hular ulu ce a kansa. Dubi waɗancan. Rabin mutanen nan ba su sa komai ba."

"Su sun iya."

"Wurin yara fa za mu tsaya. Tudun bai kai na gadar Mina ba. Ki taɓa kitson nan, ni ba ruwana, ke za ki yi wa Gwaggo bayani."

Ga gaskiyar da ba a faɗa a Karantina. Zan iya zama in sha shayi, kitso ya tsira, kai ya tsira. Na ma nufi wajen. Sai na ga wata yarinya da ba ta fi shekara biyar ba ta gangaro ta gabana, hannu a buɗe, tana ihu don daɗi. Ni kuwa tun da nake ban taɓa yin abin da ya fi ƙarfin tsorona ba. Ban koyi iyo ba ga teku a bakin gari. Na ji ina so, Amal. Ba don matar mudir ba, ba don babanki ba. Ina so in gangaro sau ɗaya. Kuma na san ba zan iya da kai a buɗe ba, ƙafata ma ba za ta ɗaga ba.

Na karɓi ƙaramin cokalin shayi a wurin masu sayar da abinci, na shiga bayin mata na kulle. Na ciro waya na danna lambar Gwaggo, ta yi ƙara sau ɗaya, na kashe. Me zan ce? Da wutsiyar cokalin na tsefe shi, layi ashirin da shida, yatsuna sun ƙage don sanyi. Ga shi ta kitsa shi da kyau, kowane layi sai na yi kokawa da shi, kamar ya san ba ni ce mai izinin ba. Ban san abin da take karantawa ba, sai na riƙa yin bismilla a kowane ɗaya ina cewa Gwaggo ki yafe, ina kuka, majina na daskarewa. Wata mata ta yi ta buga ƙofa tana tambaya ko in kira likita. Sa'a ɗaya da rabi. Na raba gashin biyu na kitsa shi ƙasa a ƙeya, na mayar da hijabi, na sa hula. Ta zauna daram. Yatsa biyu sama da gira, yatsa ɗaya a haɓa.

Rima ta koya mana yadda ake haɗa kan katakon biyu a gaba a buɗe bayansu in ana so a tsaya. Na yi, na tsaya. Na sake yi, na tsaya. Sau huɗu na gangaro ɗan tudun nan, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, kuma a na huɗun na ji wani sauti ya fita daga bakina wanda ban san ina da shi ba. Wannan ma ki sa a cikin labarin in suna ba ki: uwarki ta iya. Ina tsaye a ƙasan tudu, a wurin da ƙafafun mutane suka daddanne dusar ta zama ƙanƙara mai tauri, ina ɗaga wa Rima sanda, sai na ji murya daga sama tana tahowa.

"Rukayya, matsa! Matsa! Ya Rukayya, ba ya tsayawa!"

Babanki ne. Ya gaji da wurin yara, ya hau sama kaɗan don ya nuna wa mudirinsa. Ban ma samu juyawa ba. Ya kwashe ƙafafuna daga baya, na ga katakona biyu a sararin sama, sannan ƙeyata ta sauka. Ƙarar ce ba na mantawa. Ba a kunne na ji ta ba, a cikin ƙashi na ji ta. Daga nan sai fuskar Rima a kaina tana tambaya sunana da ranar da muke ciki, babanki a gefe yana kuka da riga uku. A asibitin garin suka haska kaina, suka ce ƙwaƙwalwa ta girgiza amma ba jini, ba karaya, suka riƙe ni kwana ɗaya. Likitan ya juya hular ya nuna mini bayanta. Ta tsage daga ƙeya zuwa kusan kunne, farin cikin ya lotse. Na tambaye shi da babu ita fa? Ya ce shi ba ya duba, kuma hula ba ta hana komai da komai, amma ya fi son ganin tsagar a inda take. Babanki ko ƙwarzane bai yi ba. A kaina ya sauka.

A jirgin dawowa ba faɗuwar nake tunani ba, Gwaggo nake tunani. Babanki ya ce mu biya wurin wata mai kitso a Safa ta mayar da shi yadda yake. Na ce Gwaggo tana gane hannunta a kan mace daga ƙarshen layi, in ta ga hannun wata a kaina gara in faɗo daga dutsen gaba ɗaya. Sai na naɗa tarha biyu, na cusa ɗankwali a ciki ya yi tudu, muka je ɗaukar ki. Ina sallama, kina rugowa, Gwaggo ta ɗago kai daga kan tabarma.

"Wa ya tsefe?"

Ko zama ban yi ba. Na fara bayani, ta ɗaga hannun nan mai kumburi ta dakatar da ni. Ta haɗa kayanki a leda ta miƙa wa babanki, ta shige ɗaki. Kwana goma sha ɗaya ba ta ɗauki wayata ba. A cikin kwanakin ne labarin ya zaga layi, Iya Falmata ce ta raka shi gida-gida: ta tsefe da safe, ta faɗi da azahar, me ya rage a faɗa? Ni kuwa ina Safa, labule a sauke don haske na sa mini ciwon kai, ina ta juya abin. In ban tsefe ba, da ba hula. In ba hula, da ƙeyata ce a kan ƙanƙarar. Amma in ban tsefe ba, da ina wurin shayi, da babanki wani ya kwashe. Har yau ban gama warware shi ba.

Rana ta goma sha biyu na sa hular a leda, na sa babanki a gaba, muka tafi. Na ajiye ta a kan tabarma a gaban Gwaggo. Gwaggo ta daɗe ba ta kalle ta ba. Sannan ta jawo ta, ta juya, ta sa babban yatsanta a cikin tsagar ta bi ta daga farko har ƙarshe. Ta sake bi.

"Dutse ne?"

"Ƙanƙara ce, Gwaggo."

"Ke kika faɗi da kanki?"

Na dubi babanki. Babanki ya fara nazarin silin kamar mai shagon nan.

"Mansuru."

"Na'am, Gwaggo."

"Falmata ta ce santsi ne ya kwashe ta."

"Eh to, akwai santsi, Gwaggo. Ni santsin ya fara kwasa."

Abin da ta gaya masa ba zan rubuta ba, don ubanki ne. Ta fara da Hausar Damagaram, ta ƙare da Larabci, har Iya Falmata ta leƙo ta koma. Da ta gama ta ce ya fita ya jira a mota. Ta ce in zo. Na zauna tsakanin gwiwoyinta, ta zame tarhar, ta sa yatsunta a ƙeyata tana lalube a hankali, wuri bayan wuri, kamar mai neman abu a cikin gari. Ta daɗe. Na ji numfashinta ya canza, ban juya ba.

"Gwaggo, ki yafe mini. Na zubar miki da addu'a."

"Kin san me na roƙa?"

"A'a."

"To ki daina cewa kin zubar. Layi ashirin da shida, rabinsu hankali na roƙa miki. Kin ɗauka a gashi yake zama?"

Ta ɗauki tsinke ta tsaga gashin biyu, ta fara kamawa. Ta kai rabin layin farko yatsun suka ƙi. Ta sa su a ruwan ɗumi, ta sake gwadawa, suka ƙi. Muka zauna haka, hannunta a kaina. Can ta ɗaga murya ta kira Iya Falmata ta zo ta ƙarasa, ta ce ta yi shi ƙasa-ƙasa, kuma ta yi a hankali, kan nan ya sha wuya. Iya Falmata ta zauna ta kama, Gwaggo na gefe tana gyara mata kowane layi da baki.

Shukun nan shi ne kitso na ƙarshe da Gwaggo ta yi a duniya da hannunta, kwana uku ya yi a kaina, kuma ni na tsefe shi da cokalin shayi. Wannan ba wanda zai sauke mini shi, ko ita. In kin girma kika ce za ki hau dutsen nan, ba zan hana ki ba, ko da yake zan yi kuka a filin jirgi. Ki sayi sabuwa, ki gwada ta da gashin da za ki tafi da shi, kuma ki tabbata ubanki yana gabanki, ba bayanki ba.